Gyaran Ɗakinmu da Hannunmu: Jawabin Kwamitin Sana'a a Taron Cikar Shekara



An ce kwamitinmu ya yi magana a kan gyaran gida. To, sai mu fara da tuni: wannan aiki ba baƙo ba ne a wurin mata. Iyaye da ke zaune a gaba shaida ne. A da, in za a kai amarya, matan unguwa ne ke haɗuwa su yi daɓe, su zuba tsakuwa, su yayyafa ruwan makuba na ɓawon ɗorawa, su yi ta bugu da madaɓi suna waƙa har ƙasa ta yi santsi. Siminti da kwano suka zo, sai muka naɗe hannu, ƙusa ma sai an jira maigida.

Jiran nan yana da tsada. A daminar bara, wata 'yar'uwarmu da mijinta ya rasu ta ga tsaga a bangon ɗakin yaranta. Ta aika a kira magini, yau yana wurin aiki, gobe ya yi tafiya. Ruwa ya yi ta shiga har gefen bangon ya zube da dare. Allah ya kiyaye, yaran suna ɗakinta. Rancen da ta karɓa don jarin ƙuli-ƙuli, a ginin nan ya ƙare. Ai dama sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ga abin da muka koya, kuma kowace za ta iya. Tsaga in ƙarama ce, a kankare ta, a share ƙura, a jiƙa da ruwa. A kwaɓa kwano 1 na siminti da kwano 4 na yashi mai laushi, a cusa da cokalin magini, a shafe. Kada a manta da ba shi ruwa safe da yamma na 'yan kwanaki, in ba haka ba zai sake tsagewa. Ba dole sai an sayi buhu mai kilo 50 ba, ana auna shi a mudu.

Famfo mai ɗiga kuwa, yawanci 'yar robar ciki ce ta cinye. A rufe ruwa daga babban makunni, a kwance kan da sifana, a kai tsohuwar robar shago a sayo irinta. Haka ragar sauro ta taga, da marfin ƙofa da ya saki, da yashe indararo da kwata kafin ruwan farko.

Amma fa mu ji da kyau: wayar lantarki da ta ƙone, tukunyar gas mai yoyo, da tsagar da hannu ke shiga ko ta taso daga tushen gini, waɗannan a kira masu sana'ar. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ko ƙwan fitila za a canza, a kashe makunni, hannu kuma a bushe.

Roƙonmu ga wannan taro shi ne a amince a cire kuɗi daga asusu a sayi akwatin kayan aiki: guduma, filaya, sifana, sukundireba, cokalin magini da tsani. A ajiye wurin ma'aji, mai bukata ta sa hannu ta ara, ta dawo da shi cikin kwana 3. Sannan kafin damina mu kasu rukuni-rukuni mu zagaya gidajen juna, mu fara da na zawarawa da tsofaffi.

Ku kuma iyayen gida, ba kujerarku muke nema ba. Kuɗin da za a ba mai gyara, a ƙara a cefane. In kun ga guduma a hannunmu, ku riƙe mana tsani kawai.

Allah ya ƙara haɗa kanmu, ya kai mu baɗi lafiya.