Karaya: ku dubi yatsu

Zancenmu na yau bisa karaya ne, da aikin da ke kan mutanen gida in wani nasu ya karye.

Babu garin da ba shi da mai ɗori, kuma ba mu zo don mu ci mutuncinsu ba. Da yawansu gadon sana'ar sunka yi, karaya mai sauƙi kuwa tana warkewa a hannunsu. Amma ku sani ƙashi shi ke haɗa kanshi. Aikin ɗori shi ne riƙe shi daidai kada shi motsa. Haɗarin shina ga ɗaurin.

Ga yadda abin ke faruwa. Yaro ya faɗo daga bisa jaki ko iccen mangwaro, ya dafa ƙasa, ya karye kusa da gwiwar hannu. Ta nan babbar jijiyar jini ke bi. Aka jera mishi karare, aka ɗaure da tsumma tamau. Cikin kwana 1 ko 2 hannu ya kumbura, ɗauri kuwa ba ya buɗewa. Kumburi ya rasa inda za shi, sai shi matse jijiya, jini shi tsaya. Naman da ya yi kamar awa 6 babu jini ya fara mutuwa ke nan, kuma mataccen nama ba ya komowa. Ko dai hannun shi shanye, yatsu su ƙandare, ko shi ruɓe. In anka kai shi likita bayan sati guda anka yanke, sai ka ji ana cewa lokotoro ba ya da aiki sai yanke hannu. Ai hannun tun a gida ya mutu.

Don haka, uwa, ke ce mai gadi, tun da ke ke kwana da yaron. Ki dubi yatsu safe da rana da dare. Ki danna farce, shi yi fari, ki saki: in jini na tahiya, nan da nan launinshi zai komo. Ki taɓa, ki ji ko sun yi sanyi. Ki ce shi motsa su. In ciwo na ƙaruwa maimakon raguwa, in ya yi ihu sa'ad da kinka miƙe mishi yatsa, in ya ce ba ya jin yatsun, to ki sassauta ɗaurin, ku kama hanyar likita ko da tsakar dare ne. Kada a ce mishi ya cika raki. Kada a jira ranar kasuwa don samun mota. Farin ɗaurin nan na likita mai tauri kamar siminti shi ma shina iya matsewa. In kun ga alamun ga, ku koma a tsaga shi.

Samari masu babur, taku karayar sau da yawa da rauni take zuwa, har ƙashi shi leƙo. Wannan ba ta gida ba ce. A rufe da tsumma mai tsabta, kada a zuba toka, ko kashin shanu, ko garin magani. A likita za a wanke, a yi allurar tetanos, a yi radiyo a ga kwanciyar ƙashin. Na yaro kan haɗe cikin sati 3 zuwa 6. Na babba sai sati 6 zuwa 12, na cinya ya fi haka. Na san damina ba ta jiran kowa, amma wanda ya cire ɗauri don shi tai gona, ƙafar karkace za ta haɗe.

Tsohuwa kuwa, santsin bayan ɗaki ya isa ya karya mata ƙugu. Za ku ga ƙafar ta gajarce, ta juya waje, ba ta iya taka ta. Kwanciyar ita ce abin tsoro, don tana kawo gyambon baya da ciwon huhu. A kai ta likita, ana yin aiki ga wanga ƙashi. In tana kwance, a riƙa juya ta kowace awa 2, shimfiɗa ta zamna a bushe.

Sai jinjirin da anka haifa da ƙafa murɗe, tafin na duban ciki. Ba aikin iska ba ne, ba laifin uwa ba ne, kuma ana gyara ta. Tun shina ɗan kwanaki ake fara ɗauri, ana sake shi kowane sati, kamar sau 5 ko 6. Daga nan sai takalmi mai sanda tsakani: dare da rana wata 3, sa'an nan da dare kawai har shekara 4 ko 5. A Yamai akwai asibitin CURE da anka buɗe a 2010, suna wanga aiki. Inda iyaye ke kasawa shi ne takalmin. Sun ga ƙafa ta miƙe, yaro na kuka, sai su aje shi, ƙafar ta sake murɗewa.

Ranar komawa likita tana rubuce ga takardar da anka ba ku. Wanda bai kai ga karanta ta ba tukuna shi kai wa malamin karatun manya na garinsu, a faɗa mishi ranar. Sai sati mai zuwa, in Allah ya kai mu.