"BA LAIFINA BA NE"

 Yau ina so mu duba wata magana wadda ba a rasa jinta a kasuwa kowace safiya. Maganar kuwa ita ce, "Ba laifina ba ne."

Ɗan'uwana, ka san sha'anin goro. Daga kurmin ƙasar Asante ake ɗauko shi, a bi da shi ta Kumasi, a kawo shi arewa cikin huhu. Goro ba ya son sakaci. Sai ana buɗe shi, ana tsince wanda sankara ta shiga, ana sake ganye, ana yayyafa ruwa. To, a ce maigidanka ya yi tafiya, ya bar maka huhu biyar. Ka shagala kwana goma ba ka duba ba. Ya komo ya tarar rabi ya bushe. Me za ka ce masa? Za ka ce hunturu ya yi tsanani bana? Ko ganyen ne ba shi da kyau? Ko mai mota ne ya daɗe a hanya? Watakila dukansu gaskiya ne. Amma zuciyarka ta sani ba ka buɗe huhun ba.

Wannan hali ba sabo ba ne. A cikin Littafin Fitowa, sura 32, an ba mu labarin Haruna. Musa ya hau Dutsen Sina'i, ya yi kwana 40, ya bar jama'a a hannun Haruna. Da mutane suka gaji da jira, suka matsa wa Haruna, sai ya karɓi 'yan kunnensu na zinariya, ya ƙera musu ɗan maraƙi, suka yi masa sujada. Sa'ad da Musa ya sauko ya tambaye shi, Haruna ya fara ɗora wa jama'a laifin, wai halinsu ne mugu. Sa'an nan ya ce shi dai wuta ya jefa zinariyar, maraƙi ya fito. Ka ji fa! Akwai maƙerin da zai yarda da wannan? Ko wuta takan yi ƙira don kanta? Gaskiyar Hausawa da suka ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hangi na wani.

Ga abin da ba da hujja ke jawowa. Maigida ya yi hasarar goro, wannan hasara ɗaya ce, kuɗi za su iya gyara ta. Amma ran da ya gane ka ruɗe shi, ya yi hasarar mutumin da zai bar wa shago. Kai ma ka yi hasarar yarda, ita kuwa ba a sayar da ita a kowace rumfa.

Yanzu dubi wani mutum dabam. Luka, sura 19, ya faɗi labarin Zakka, shugaban masu karɓar haraji a Yariko. Yana da hujjoji da yawa in ya so. Ya iya cewa Romawa ne suka sa shi aikin, ko kuwa haka dukan abokan aikinsa suke yi. Amma da Yesu ya sauka a gidansa, Zakka ya miƙe a gaban mutane, ya yi alkawari zai ba matalauta rabin dukiyarsa, wanda ya cuta kuma zai mayar masa ninki huɗu. A ranar nan Yesu ya shaida ceto ya shigo gidan.

To, me za ka yi idan aiki ya ɓaci a hannunka? Tela, in ka yanka yadin mutum ba daidai ba, gaya masa tun bai gani ba. Mai awo, in mudunka ya lotsa, sake wani. Faɗi laifin da bakinka, da wuri, kada ka rataya masa "amma". Sa'an nan ka tambayi abin da za ka biya, ko da kaɗan kaɗan ne daga ladanka.

Kai kuma maigida, ina da magana da kai. Idan yaronka ya zo ya ce, "Ni ne na yi," ka hau shi da zagi a gaban jama'a, ka koya masa ƙarya ke nan. Gobe ba zai faɗa ba.

Na sani maganar nan tana da nauyi a baki, gama mutum yana tsoron kunya, yana tsoron kora. Amma ka tuna da Yesu Almasihu. Shi ba shi da laifi ko ɗaya, duk da haka ya ɗauki namu bisa gicciye. Wanda ya san an gafarta masa a gaban Allah ba ya bukatar ɓuya a gaban mutum.

Akwai huhun da ba ka buɗe ba? Kada rana ta faɗi ba ka tafi wurin mai shi ba. Ubangiji ya ba ka ƙarfin zuciya. Amin.