Kwikwiyon da Yara Suka Tsinto

Maganar tamu ta yau wata baiwar Allah ce ta jawo ta daga garin Yako, cikin ƙaramar hukumar Kiru. Ta ce yaranta sun dawo daga ɗebo itace da wani kwikwiyo da suka ciro a ramin da ake haƙar ƙasar gini, duk ya rame, kaska ta cika masa kunnuwa. Maigida ya ce kada ya kwana masa a gida, yaran unguwa kuma sun tara duwatsu a ƙofa suna jira. Ita ba ta fita. To, yaya za ta yi?

Na san wata tana ji za ta ce, "Kare kuma? A'uzu billahi!" Ki ɗan saurara, 'yar'uwa. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin mutumin da Allah Ya gafarta wa don ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa a huffinsa ya shayar da kare mai ƙishirwa. A mazhabarmu ta Malikiyya ma, kare mai rai ba najasa ba ne. Wanke ƙwarya sau bakwai idan ya sa baki, malamai sun ce bin umarni ne. Amma fa maigidan nan yana da hujjarsa, don ajiye kare an halatta shi ne saboda farauta, ko kiwo, ko gadin gona. Ke nan aikin da ke gabanki shi ne ki samo masa wanda yake da aikin da zai ba shi.

Kafin nan, ki nemi alfarmar maigida na 'yan kwanaki, a ɗaure shi a inuwa can bayan danga ko wani kango, da kaskon ruwa da ɗan ƙanzo da aka jiƙa. Ki raba shi da ƙananan yara. Wannan kam ba wasa a ciki, don ba ki san abin da ya cije shi a daji ba, kuma kwikwiyo ma yana ɗaukar ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ciwon nan yana kashe mutum wajen 59,000 a shekara, kusan kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Idan ya ciji yaro ko ya yaƙushe shi, ki wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, a kai shi asibiti ran nan a fara masa allura. Ƙona gashin kare a shafa a ciwon ba ya maganin komai, kuma da zarar alamu sun bayyana, kusan ba wanda yake tashi. Shi kuma karen, a sa masa ido kwana 10. In ya fara dalalar da yawu, ko cizon abin da ya gani, a gaya wa malamin dabbobi nan take.

To, ina za a kai shi? A Ingila wata mata ce, Mary Tealby, ta buɗe gidan karnukan da ba su da masu su a 1860, wanda yau ake kira Battersea. Mu a ƙauyukanmu ba mu da irin wannan gida, amma muna da abin da muka saba sayar da ƙuli-ƙuli da shi daga cikin ɗaki: aike. Ki gaya wa 'yar Fulanin da take kawo miki nono, don a ruga kare yana da daraja. Ki aiki yaro wajen sarkin baka ya tambayi mafarauta. Akwai masu lambun rani a bakin ruwan Tiga, ga manoman masara na wajen Tudun Wada da Doguwa da birai suke damunsu a gefen dajin Falgore. Dillaliyar da take shiga gida goma a yini ma, ki saka mata maganar a kunne.

Sai dai ki yi hattara da wanda ya zo da saurinsa yana miƙo kuɗi. Akwai fatake masu bin ƙauyuka suna tara karnuka a kai kasuwar Dawaki ta jihar Filato, inda ake sayar da su don nama. Ni dai shawarata, ki bayar kyauta, tunda dama malamai da yawa sun hana cin kuɗin kare, kuma ki ba wanda maigida ko mai unguwa ya san gidansa. A tambaye shi: me zai yi da shi? Wa zai riƙa ba shi abinci in ya yi tafiya?

Sharaɗi ɗaya kada ki sassauta shi, wato allurar rigakafi. Ana yi wa kwikwiyo idan ya kai wata uku, a maimaita duk shekara, kuma cibiyar binciken dabbobi ta Vom a nan ƙasar take yin ta. Maigida ya tambaya a sashen dabbobi na ƙaramar hukuma. In an yi, a karɓi takardar a miƙa wa sabon mai shi tare da igiyar da kaskon. Bayan mako guda ki aiki babban yaronki ya leƙa ya gano miki yadda yake.