Jawabi ga masu neman lasisin tuƙi

Matasa da dama suna son yin aikin direba ko kabu-kabu, to ku saurara.

A nan Nijar, kafin a gwada ka a kan mota sai ka ci jarrabawar dokokin hanya, kuma da Faransanci ake yin ta. Wanda bai iya ba ya fara da alamomi, don siffarsu da launinsu ke magana. Mai kusurwa uku da jan baki gargaɗi ce, akwai haɗari a gaba. Da'ira mai jan baki hani ce. Shuɗiyar da'ira umarni ce, dole a bi. Mai kusurwa 8 kuwa tsayawa cak, ko hanya ba kowa. A mararrabar da ba alama, wanda ya fito ta hannun damanka shi ke fara wucewa. A riƙe wannan da kyau.

Kada ku ba ɗan tsakani kuɗi ya samo muku lasisi. Na jabu kan kai mutum gidan yari, iyali su rasa mai ciyar da su. Ku shiga makarantar koyon tuƙi, ku zo ofishinmu a duba takardunku. Allah ya tsare hanya.