Kakar Ƙwallo Ta 1973: Jawabin Da Aka Gabatar A Taron Tsofaffin Ɗalibai



Da sakatare ya ce ni zan yi magana a kan ƙungiyar ƙwallonmu ta 1973, sai na ce masa ya yi makuwa. Ni lamba uku na buga, ɗan baya na hagu, kuma duk kakar nan ban ci ƙwallo ko ɗaya ba, sai wadda na ci gidanmu da kaina. Ya ce ai shi ya sa, domin waɗanda suka ci ƙwallaye ba za su bar kowa ya tafi gida da wuri ba. To, na karɓa, don dama akwai wata magana da na daɗe ina riƙe da ita.

Matasanmu da ke wurin nan su yi haƙuri in tuna musu yadda shekarar take. An gama yaƙin basasa a watan Janairu na 1970, wato shekara uku ke nan. A farkon 1973 aka kawo naira da kwabo, muna ta fama da lissafin sule da fam a ka. A watan Janairun nan ne kuma Green Eagles suka doke Gini da ci biyu da nema a Legas, suka ɗauki zinare a wasannin ƙasashen Afirka, mu kuwa muna cunkushe a gindin rediyo guda ɗaya. Sannan ga fari. Daminar ta yi gardama, gyaɗa ta ƙi, hatsi ya yi tsada. Kowa a nan yana tuna yadda tuwon ɗakin cin abinci ya riƙa ƙanƙancewa, miyar kuka ta koma ruwa. Filin ƙwallonmu ya bushe ya yi tauri kamar daɓe, ga tsidau ko'ina, kuma rabinmu ba takalmi muke bugawa. Ƙwallon fata biyu muke da su, ɗaya kullum tana wurin baduku a kasuwar Rano.

A shekarar ce Janar Yakubu Gowon ya kafa shirin bautar ƙasa, a watan Mayu, aka fara rarraba waɗanda suka gama jami'a zuwa jihohin da ba nasu ba cikin jihohi 12 na lokacin. Cikin rukunin farko aka turo mana wani saurayi daga Jihar Gabas ta Tsakiya. Lissafi aka ba shi, amma da shugaban makaranta ya ji ya yi ƙwallo a jami'a, sai ya haɗa masa da mu. Kofa muke ce masa a gabansa. A bayan idonsa kuwa akwai wani suna da ba zan maimaita ba a gaban 'ya'yanmu, kuma ni ne na raɗa masa shi.

Kyaftin ɗinmu, Allah ya ji ƙansa, mutumin Kibiya ne. Yayansa ya shiga soja a 1967 bai dawo ba, ko kabarinsa ba a nuna wa iyayensa ba. Ranar da Kofa ya fara busa usur a fili, kyaftin ya cire rigarsa ya ajiye a gindin raga ya koma ɗakin kwana. Mu da muka tsaya ba don mun fi shi kirki ba ne, tsoron bulala ne. Sai muka riƙa ramawa da baki. Idan ya ba da umarni da Turanci, mu amsa da “yes sa”, sannan mu zage shi da Hausa muna murmushi. Shi ma ya yi mana murmushi.

Aikinsa dai ya iya shi. Ya same mu da tsohon tsari, mutum biyar a gaba, kowa na bin ƙwallo kamar kaji sun ga tsaba. Ya mayar da mu huɗu a baya, biyu a tsakiya, huɗu a gaba, irin tsarin da Brazil ta yi suna da shi. Ya hana mu dogon bugu, ya ce a ƙasa mai tauri irin tamu ƙwallo tsalle take yi, gara a miƙa ta gajere a ƙafa. Kafin kowane atisaye sai mun jeru mun tsince ƙaya, shi ne a gaba. Azumin shekarar ya faɗo a Oktoba, sai ya mayar da atisaye bayan la'asar, ya rage gudu, kuma ban taɓa ganin ya kai ruwa bakinsa a gabanmu ba har aka yi salla. Mun lura, amma ba wanda ya ce komai.

Wasannin farko ba su da daɗin faɗi. Ma'aikatan da ke gina madatsar ruwa ta Tiga, ƙarti majiya ƙarfi, suka zo suka lallasa mu. A nan na ci gida. Bayan wasan Kofa ya kira ni ya tambaye ni da Turanci me zai sa kyaftin ya dawo. Na ce sai dai in mahaifinsa ne ya ce ya dawo. Na faɗa ne don in kashe maganar.

Bayan ƙaramar salla sai muka ji an shirya mana wasan sada zumunci da samarin Kibiya. Muka hau akori-kura muka nufi gabas, kyaftin yana can ƙuryar mota cikin 'yan kallo, don dai ya je ya ga gida. Da muka sauka, Kofa ya yi mini alama in raka shi, wai in yi masa tafinta. Muka sami dattijon a zaure a kan buzu. Kafin in buɗe baki, sai na ga Kofa ya tuɓe takalmi ya durƙusa, ya ce: “Salamu alaikum, Baba. Mun same ku lafiya? Yaya aka ji da haƙurin rashi?”

Jama'a, Hausar Kano ce tsantsa, ta fi tawa. Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Ya gaya wa dattijon cewa a Sabon Gari aka haife shi, mahaifinsa ma'aikacin jirgin ƙasa ne, kuma sun bar Kano a tarzomar 1966 da kayan jikinsu kawai. Ya ce ƙannensa biyu yunwa ta kashe su lokacin yaƙi. Bai ce a yafe wa kowa ba, bai kuma ɗora wa kowa laifi ba. Ya ce ya zo ta'aziyya ne, kuma yana roƙon a ba shi aron yaro. Dattijon ya daɗe bai ce uffan ba. Can ya ce: “Allah ya ji ƙan namu, ya ba ku haƙurin naku, ɗana.” Ya sa aka kawo fura, a shekarar da gero ya fi komai daraja. Sannan ya aika aka kira kyaftin, ya ce masa: “Malaminka ne. Tashi ka sa rigarka.”

A hanyar komawa fili na ce, “Malam, ashe duk kana ji?” Ya ce, “Har sunan da ka sa mini. Amma ka gyara tsayuwarka, kana barin ɗan gefe yana wuce ka ta ciki.” Iyakar abin da ya taɓa faɗa mini a kan maganar ke nan. Ni kuma ban ba shi haƙuri ba, kunya ta hana ni, har ya gama shekararsa ya tafi.

Kada in yi muku ƙarya, kyaftin bai zama abokinsa rana ɗaya ba. Ya yi makonni yana wasa ba ya kallon idonsa. Amma ƙungiya ta tsaya da ƙafafunta. Muka bi makarantun yankinmu ɗaya bayan ɗaya cikin hunturu, ƙafa a faffashe, ana shafa man kaɗanya da dare, har muka sami zuwa birni. Muka bi ta Bunkure cikin ƙura, wasunmu ranar suka fara ganin filin wasa mai katanga. Yaran birni suna da takalman ƙwallo, mu kuwa kambas aka aro mana, kuma kafin hutun rabin lokaci mutum huɗu sun tuɓe nasu sun jefar. Suka fitar da mu da ci ɗaya. Wasu a nan har yau suna cewa alƙalin wasa ne, ni dai ina baya, na ga komai, sun fi mu.

Bayan wasan, maimakon mu kama hanya, Kofa ya sa direba ya ratsa ta Sabon Gari. Ya tsayar da mota a ƙofar wani gida, ya sauka ya tsaya yana kallo. Ba wanda ya yi motsi a cikinmu. Kyaftin ne ya diro ya je ya tsaya kusa da shi. Abin da suka ce wa juna bai fito daga bakin ko ɗayansu ba, amma a hanyar dawowa wuri ɗaya suka zauna.

Daga cikin sha ɗaya da suka buga wasan nan, na ƙirga mu huɗu a ɗakin nan. Ina da roƙo biyu ga shugabannin ƙungiya. Na farko, hoton da aka ɗauke mu a Kibiya yana hannun iyalan marigayi kyaftin, sun kuma yarda a wanke shi a rataye a makaranta. Na biyu, a sa kwamiti ya nemo Malam ko iyalansa ta hanyar takardun makaranta, a gayyace su taron baɗi. Kuɗin motarsu da masaukinsu na ɗauka, domin ni ke da bashin da zan biya.

Allah ya ji ƙan malamanmu da 'yan uwanmu da suka riga mu, ya mayar da kowa gidansa lafiya.