Yadda Ya Kamata A Karanta Tarihin Magabata

Maganarmu ta yau a kan littafin Rijalun Haular Rasul ce, inda Khalid Muhammad Khalid, marubucin Masar da ya rasu a 1996, ya tattara tarihin sahabbai 60.

Ya fara da Mus'ab bin Umair (R.A.), wanda aka aika Madina koyar da Alƙur'ani. Usaid bin Hudair ya zo masa a fusace, riƙe da mashi. Mus'ab bai mayar da zafi ba, sai ya roƙe shi ya zauna ya saurara, in bai gamsu ba a ƙyale shi. Usaid bai tashi ba sai da ya musulunta, Sa'ad bin Mu'az kuma ya biyo baya.

Da yawanmu mukan karanta wannan mu yi kabbara, gobe kuma mu zagi wanda ya saɓa mana a wurin wa'azi. To, ina amfanin karatun? Duk ƙissar da ka karanta, ɗan'uwa, ka tsamo hali guda ka aikata shi kafin ka buɗe ta gaba.

Allah Ya sa mu dace, amin.