Salga Ba Ta Mai Gida Kaɗai Ba Ce

Yau hirarmu bisa salga take, wadda wasu ke kira salanga ko masai. Magana ce da ake jin kunyar yi cikin zaure. Amma ciwo ba ya jin kunya, don haka za mu yi ta a fili.

A ƙasarmu Nijar, kusan mutum 2 cikin 3 daji suke zuwa zagayawa. A ƙauyuka abin ya fi haka. Mutum ya tsuguna bayan gari, ya tashi, yana ganin ya rabu da ƙazanta. Bai rabu da ita ba. Ƙuda yana sauka bisa kashi, ya tashi ya sauka bisa tuwo da fura. Kaji da awaki suna takawa su shigo gida. In damana ta faɗi, ruwa ya kwashe shi zuwa tabki da bakin rijiya. Ta nan zawo da tsutsar ciki ke kama yaranmu. Ƙudan da ke yaɗa ciwon ido na amodari ma cikin kashin da aka bari a fili yake haihuwa.

Ku tuna shekarar 2018. Ciwon zawo da amai, watau kwalara, ya ɓulla a yankin Madarunfa cikin jihar Maraɗi. Ya kama mutum fiye da 3,000, ya kashe fiye da 70. A 2021 ya sake dawowa, ya taɓa jihohi da dama. Wannan ciwo daga kashin mai ciwo yake shiga ruwa da abinci.

Ga abin da muke so kowa ya riƙe. In gida 99 sun gina salga, gida ɗaya bai gina ba, garin bai tsira ba. Ƙuda bai san darni ba, bai san gidan hakimi da gidan talaka ba. Wake ɗaya shi ke ɓata gari. Saboda haka maganar salga maganar gari ce duka, kamar maganar rijiya da ta makabarta.

To, me ke hana mutane? Wani ya ce ba zai shiga salga ɗaya da surukarsa ba. Wannan kunya ce ta gado, ba a yi mata dariya. Maganinta a gina biyu, ta maza da ta mata, ko a juya ƙofa inda ba a ganin mai shiga. Wani ya ce kashin jariri ba ya cutarwa. Yana cutarwa ƙwarai, a zuba shi cikin salga. Mata kuma su ne suka fi shan wahala. Da yawa suna daurewa tun safe har duhu ya yi kafin su fita, ga maciji, ga kunama, ga ɓata-gari. In za a yi taron salga, a kira mata, a ji ta bakinsu.

Akwai kuma masu cewa sai gwamnati ko ƴan furoje sun kawo siminti. A wurare da yawa an raba murfin siminti kyauta, aka jingine shi a bango, ko salgar ta koma wurin ajiya. Abin da ba ka yi niyya ba, ba ka kula da shi. Shi ya sa aka sake dabara. An fara ta a ƙasar Bangaladash wajen shekarar 2000, ta iso Nijar a 2009. Ba a raba kuɗi. Mutanen gari suna zagayawa tare, su ga inda ake tsugunawa, su ga hanyar da ƙazanta ke bi ta dawo cikin ƙwarya. Sa'an nan su yanke shawara da kansu, su sa rana.

A nan kowa da aikinsa. Hakimi ya tara jama'a. Liman ya yi gargaɗi. Ma'aikatan tsabta da na kumin su nuna wurin da ya dace. Samari su gina wa tsofaffi da gwauraye da marasa ƙarfi, kamar yadda ake gayya a gona. Tara ba ta gina rami. A fara da taimako kafin a yi maganar horo.

Ga ƙa'idodin gini. Salga ta yi nisa da rijiya, aƙalla mita 30, kuma ta kasance gangare da ita. Ƙasan ramin ya tsaya kamar mita 2 kafin a kai ga ruwan ƙasa. Inda rairayi yake, a yi rami mai da'ira kamar rijiya, a ɗaure bakinsa da tubali don kada ya rufta da damana. A ɗaga bakin sama kaɗan saboda ruwan sama. A yi wa kafar murfi. A riƙa zuba toka don rage wari da ƙuda. Ruwan wanka da na wanki a yi masa nasa rami daban, a cika shi da duwatsu, kada ya kwanta a hanya ya tara sauro. A aje buta da sabulu bakin ƙofa. In babu sabulu, toka ta fi babu.

In rami ya kusa cika, kada a kwashe shi ɗanye a zuba bayan gida. A rufe shi da ƙasa, a gina wani. Bayan shekara 2 abin da ke ciki ya bushe, ya zama taki mai amfani ga gona.

Ƴan uwa, in kun taru wurin karatu, ku ƙirga gidajen garinku. Ku rubuta nawa ke da salga, nawa ba su da ita. Ku kai wa hakimi takardar, ku roƙe shi ya kira taro kafin ruwan farko. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya. Sai mako mai zuwa.